Yadda Zaka Duba Rubutu Da Tsarin Shafin Shagon Kwalliya Idan Abokin Aikinka Ya Nemi Ra'ayinka

Idan abokin aikinka ya turo maka linkin shafin intanet da ya zana wa wani shagon kwalliya yace "dan Allah duba min ka faɗa min ra'ayinka", kar ka buɗe ka kalla na minti ɗaya ka rubuta masa "Masha Allah yayi kyau" ka wuce. Wallahi wannan amsar bata ƙara masa komai ba, gobe zai miƙa wa mai shagon aikin da duk matsalolin da ke ciki. Shi ma wanda zai ce "ni dai kalar nan bata min ba" yayi shiru, bai taimaka ba, don bai faɗi abinda za a gyara ba.

Shafin shagon kwalliya yana da wata matsala tashi ta daban. Tunda kyau ake sayarwa, sai mai zanen yaji kamar dole komai ya zama mai laushi, siririn rubutu, ruwan hoda mai haske, ruwan gwal, haruffa masu lanƙwashe-lanƙwashe kamar na katin gayyata. A laftof ɗinsa cikin ɗaki abin ya fito tsaf. Amma matar da ta buɗe shafin a wayarta tana tsaye a waje rana na dukan sikirin, abu uku kawai take nema: me kuke yi, nawa ne, yaya zan kama lokaci. Duk tsokacin da zaka yi, daga idonta zaka yi shi.

Mataki na 1: yi masa tambaya kafin ka buɗe

Tambaye shi a wane mataki aikin yake. Idan har yanzu zanen farko ne a Figma, manhajar da ake zana tsarin shafi kafin a gina shi, to zaka iya cewa a sake tsarin gaba ɗaya. Idan kuma jibi zai miƙa, maganar a sauya komai ɓata masa rai kawai zata yi, gara ka nemo abubuwa uku ko huɗu da zai iya gyarawa cikin dare ɗaya. Sannan ka tambaya me ba a taɓawa, don sau da yawa tambarin shagon da kalarsa mai shagon ce ta zaɓa kuma tuni an buga su a allon ƙofa da katin kasuwanci, babu amfanin ka kwana kana sukar abinda ba shi da ikon canzawa. Tambaya ta ƙarshe, su waye kwastomomin? Shagon da matasa ke zuwa gyaran farce daban yake da wanda manyan mata ke zuwa kula da fata, kuma manya ƙaramin rubutu yana basu wahala sosai.

Mataki na 2: a waya zaka fara, ba a kwamfuta ba

Buɗe shi a wayarka ta gaske. Kalli fuskar farko na daƙiƙa biyar ba tare da ka ja ƙasa ba, ka kife wayar, ka tambayi kanka me ka riƙe. Sunan shagon? Aikin da suke yi? Ka ga inda zaka danna ka kama lokaci? Idan abinda ka tuna kawai shine hoton wata mata da fulawa a bayanta, to rubuta wannan, shine tsokacinka na farko kuma mai yiwuwa shine mafi girma.

Daga nan ka zama kwastoma da gaske. Ka nemo farashin kitso, ka nemo lokacin da suke rufewa ranar Asabar, ka yi ƙoƙarin kama lokaci har zuwa ƙarshe. Duk inda ka tsaya kana neman abu, ko ka sa yatsu biyu ka buɗa rubutu don ka iya karantawa, ɗauki sikirinshot nan take, kar kace zaka tuna. In zaka iya ka fita waje cikin rana ka sake dubawa, zaka sha mamakin yadda rubutun da ke fitowa a ɗaki yake ɓacewa.

Sai ka dawo kwamfuta. A Chrome ka danna F12, sannan Ctrl da Shift da M, zai baka damar rage faɗin shafin kamar na waya. Gwada faɗin fiksel 360, sannan 320 (fiksel shine ma'aunin girman abu a sikirin). Ƙa'idojin WCAG da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ke fitarwa, waɗanda ake bi wajen sauƙaƙa shafuka ga kowa har da masu raunin gani, sun ce a faɗin 320 bai kamata mutum ya riƙa jan shafi hagu da dama ba kafin ya karanta layi ɗaya. Sun kuma ce idan aka ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 kar wani abu ya ɓace ko ya hau kan wani, to ka danna Ctrl da alamar tarawa ka gani da idonka.

Mataki na 3: rubutun kansa

Anan zamu daɗe don anan yawancin matsalar take.

Fara da ƙirga fonti, wato salon haruffa, nawa ya sa. Idan baka iya gane su da ido, akwai WhatFont da ake ɗorawa a burauza, ka kai linzami kan rubutu ya faɗa maka sunansa da girmansa. Biyu sun isa, ɗaya na kanun magana ɗaya na jikin rubutu. Na uku in dai akwai shi to ya tsaya a tambari ko wata gajeruwar kalma ta ado. Idan ka ƙirga huɗu biyar, ka faɗa masa kai tsaye amma ka nuna masa a ina da ina suke, don wani lokacin shi kansa bai sani ba, wani ya biyo tamfilet ɗin da ya ɗauko, wani ya shigo tare da akwatin kama lokaci.

Sai rubutun haɗe mai lanƙwasa irin su Great Vibes da Allura da Dancing Script. Ni ban ce a hana shi ba, a shagon kwalliya yana da wurinsa, kalma biyu ko uku da girma a saman shafi yana bada armashi. Inda nake tsayawa shine idan na ganshi a jerin farashi, ko lambar waya, ko adireshi, ko kan maɓalli. Kuma kar a taɓa rubuta shi da manyan baƙaƙe duka, don an ƙera shi ne ƙananan haruffa su riƙe hannun juna, idan aka jera manya sai su cakuɗe ba mai iya karantawa. Gwajin mai sauƙi ne, miƙa wa wani da bai san sunan shagon ba wayar kace ya karanta da ƙarfi, idan yayi jim kafin ya furta to an samu matsala.

Girman jikin rubutu kuma, burauza da kanta daga fiksel 16 take farawa, kuma ina ganin kar a sauka ƙasa da haka. Zaka ga masu zane suna sa 12 ko 13 wai don yafi kama da na manyan mujallu. Ga wani dalili da zaka bashi wanda ba zai iya musu ba: a iPhone, idan rubutun cikin akwatin da ake cike suna ko lambar waya bai kai 16 ba, Safari, burauzar wayar, da kansa yake zuƙo shafin da zarar an taɓa akwatin, sai tsarin ya karkace kwastoma ta rasa inda maɓallin turawa ya shiga. Sannan ka lura ba duk 16 bane ɗaya. Cormorant Garamond ƙananan haruffansa gajeru ne, a 16 sai ya fito ƙarami fiye da Montserrat a 16 ɗin, don haka shi sai an ƙara masa. Playfair Display kuma yana da wasu layuka masu kauri wasu sirara ƙwarai, a babban kan magana yana da kyau matuƙa amma idan aka ƙanƙance shi sirarun sai su narke.

Kauri ma ka duba. Da lamba ake auna kaurin fonti, ana kiranta nauyi: nauyin 100 da 200 da 300 sune sirarun, 400 shine na yau da kullum. Idan jikin rubutu yana 300 kuma kalarsa toka-toka ce, an haɗa matsala biyu wuri ɗaya.

Tsawon layi: a kwamfuta ka ƙirga haruffan layi ɗaya har da sararin tsakanin kalmomi, masu harkar ɗab'i sun daɗe suna cewa tsakanin 45 zuwa 75 ne ido yafi sakewa. Idan bayanin "game da mu" ya miƙe daga wannan bangon sikirin zuwa wancan, ido zai riƙa ɓata layi idan ya dawo. Tazarar da ke tsakanin layuka kuma ta kai kamar 1.5 na girman rubutun a jiki, kanun magana su ana iya matse su kaɗan. Dogon sakin layi da aka tsayar a tsakiya shima ka yi magana akai, layi biyu a tsakiya ba laifi, amma layi shida a tsakiya kowanne yana farawa a wani wuri daban gajiyar da mai karatu yake.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa, idan akwai Hausa a shafin ko da sashe ɗaya ne, ka gwada ɓ da ɗ da ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ. Fonti da yawa na ado basu da su. Abinda ke faruwa shine burauza ta aro harafin daga wani fonti daban, sai kaga kalma kamar "ƙumba" harafin farko yafi sauran kauri ko ya ɗan karkace, wani lokacin ma akwati ne zai fito a madadinsa. Ka ce masa ya rubuta "gyaran ƙumba, ɗaurin gashi, ɓoye tabon fuska" a kowane fonti da ya zaɓa ya kalla da kyau. Noto Sans da Noto Serif suna da haruffan, haka Andika da Charis na SIL.

Mataki na 4: kala da bayanta

Wannan ba maganar "ina so" ko "bana so" bace, lamba ce ake aunawa, shi yasa nake son wannan matakin don baya jawo gardama. WCAG ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da abinda ke bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutun yau da kullum, 3 bisa 1 ga babban rubutu, wato daga fiksel 24 zuwa sama ko wajen 19 idan mai kauri ne. Ka ɗauki lambar kalar rubutun da ta bayan ka zuba a Contrast Checker na WebAIM, shafin da ke auna wannan bambancin, nan take zai baka amsa.

Ga kalolin da shagunan kwalliya suka fi so kaga yadda suke faɗuwa. Ruwan gwal #D4AF37 akan fari wajen 2.1 ne kawai. Farin rubutu akan ruwan hoda #FFC0CB wajen 1.5 ne, kusan babu. Ko toka #777777 akan fari ya gaza da ɗan kaɗan, sai #767676 ne yake tsallakewa da ƙyar. To kar kace masa ya zubar da gwal da hodar, mai shagon ba zata yarda ba kuma gaskiya sune ke baiwa shafin kamanninsa. Ka bashi hanya: gwal ya koma layukan ado da gefen hoto, ko a ɗora shi akan baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu inda yake haskawa, hoda ta zama bango, rubutun kuma ya zama mai duhu. Tambarin shago shi ƙa'idar bata hau kansa ba, don haka ka ƙyale shi.

Rubutu akan hoto ma ka duba shi a faɗi daban-daban. A kwamfuta farin rubutu ya sauka akan baƙin gashi ya fito, a waya hoton ya yanke rubutun ya koma kan farin tawul ya ɓace. Maganinsa a shimfiɗa duhu mai shara-shara akan hoton ko a fitar da rubutun gefe.

Mataki na 5: jerin ayyuka da farashi

A ganina wannan shine shafin da yafi kowanne muhimmanci a duk shafukan shagon, kuma shi ake yi wa riƙon sakainar kashi. Abu na farko, rubutu ne na gaske ko hoton takardar farashi aka ɗauka aka manna? Idan hoto ne ka faɗa masa da babbar murya, a waya ba a karanta shi sai an zuƙo, Google ba zai ɗauke shi kamar rubutun shafi ba, manhajar da ke karanta wa makafi sikirin ba zata iya faɗinsa ba, sannan duk ranar da aka canza farashi ɗaya sai an sake hoton gaba ɗaya.

Duba ko an kasa ayyukan gida-gida, gashi daban, farce daban, fuska daban, kowanne da kansa. Duba nisan da ke tsakanin sunan aiki da kuɗinsa, a babban sikirin idan suna yana can hagu kuɗi yana can dama babu ɗigo-ɗigo ko layin da ke haɗa su, ido zai zame ya karanta kuɗin wani aikin, kuma irin wannan kuskuren a wajen biyan kuɗi yake zama rigima. Lambobin su jeru a dama ɗaya ƙarƙashin ɗaya, idan suna rawa to a CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, akwai font-variant-numeric: tabular-nums da ke daidaita faɗinsu matuƙar fontin yana da wannan damar. Tsawon lokacin aiki, kamar minti 45 ko awa 2, a sa shi da ƙaramin nauyi kusa da sunan don mai zuwa ta san yadda zata tsara ranarta. Idan farashin yana canzawa da tsawon gashi to kalmar "daga" ta fito fili, kar a ɓoye ta cikin ɗan mitsitsin rubutu a ƙasa.

Mataki na 6: shimfiɗar shafin

Matsa baya kaɗan ka kanne ido har rubutu ya dushe. Abinda ya rage kana gani shine abinda yafi ƙarfi a shafin. Ya kamata ya zama kan magana da maɓallin kama lokaci. Idan maɓallai uku ne masu girma ɗaya da kala ɗaya, "kama lokaci" da "duba hotuna" da "bi mu a Instagram", to babu wanda yayi fice, ka ce a bar guda ɗaya mai cikakkiyar kala sauran su koma masu layi kawai. Girmansa ma ka auna, Apple na bada shawarar 44 a 44, Google 48 a 48, WCAG 2.2 da ta fito a 2023 ta sa mafi ƙaranci fiksel 24 a 24. Ka tuna da yawa daga masu danna maɓallin nan dogon farce gare su. Lambar waya ta zama idan an taɓa ta kira, in akwai WhatsApp ya buɗe hira kai tsaye.

Sai sarari. Abubuwan da ke tare su matso kusa, waɗanda ba tare ba su nisanta. Kuskuren da zaka fi gani shine kan magana yana shawagi a tsakiya, tazararsa da sashen sama daidai da tazararsa da rubutun da yake wa jagora, sai ka rasa na waye. Duba gefen hagu kuma, ka ɗora takarda a tsaye a jikin sikirin kaga ko rubutu da hoto da maɓalli duk daga layi ɗaya suke tashi.

Hotunan aiki su zama yankansu iri ɗaya, kuma ka tambaya na shagon ne ko na intanet aka kwaso, sannan an nemi izinin matan da fuskarsu ta fito? Ka zuba linkin a PageSpeed Insights, shafin Google da ke auna saurin buɗewar shafi, Google na ɗaukar daƙiƙa 2.5 ko ƙasa da haka a matsayin lokaci mai kyau na fitowar babban abin da ke fuskar farko. Idan ya wuce, yawanci manyan hotuna ne da ba a rage ba ko tarin fonti da nauye-nauyensu, a maida hotunan WebP, nau'in hoto mai saurin buɗewa, a cire nauyin fontin da ba a amfani da shi. Lura kuma ko shafin yana tsalle lokacin da yake buɗewa, kana shirin danna abu hoto ya faɗo ya ture shi ƙasa.

Mataki na 7: yadda zaka rubuta masa

Kowane tsokaci ya ɗauki abu uku, a ina ne, me ka gani, me hakan zai jawo wa kwastoma. Shawarar gyara tana iya biyowa amma ka barta a matsayin shawara, aikinsa ne. Maimakon "rubutun nan bai yi ba", ka rubuta kamar haka: "Ɗan'uwa, a shafin farashi a waya, sunayen ayyukan gwal ne akan fari, na auna 2.1 ya bani, a rana ban iya karantawa ba. Me zai hana sunayen su koma ruwan ƙasa mai duhu, gwal ɗin ya tsaya a layin da ke raba su?" Ka haɗa da sikirinshot ka zagaye wurin, in a Figma ne ka danna C ka ajiye maganar daidai kan abin.

Kar ka zuba masa abu talatin a jere duk da murya ɗaya. Ka ware waɗanda ke hana mutum karantawa ko kama lokaci ka sa su a sama, waɗannan dole ne. Sai waɗanda zasu ƙara kyau in akwai lokaci. Sai na ƙarshe waɗanda son ranka ne kawai, su kuma ka faɗa da bakinka cewa ra'ayina ne, kana iya bari. Wannan rarrabewar tana da muhimmanci a wurina sosai, don idan ka cakuɗa "ba a iya karanta lambar waya" da "ni da shuɗi na fi so", zai ɗauki duka biyun a matsayin son rai ya watsar.

Abinda yayi daidai ma ka faɗa, kuma ka faɗi dalili, misali yadda ya kasa ayyukan gida-gida yasa ka samu kitso cikin daƙiƙa kaɗan. Ba don lallashi ba, don kar garin gyara ya rushe abinda ke aiki. Inda baka gane dalilinsa ba ka tambaya kafin ka yanke hukunci, wataƙila mai shagon ce ta dage sai an sa wannan fontin, to a nan taimakon da zaka yi masa shine ka bashi lambobi da sikirinshot ɗin da zai nuna mata. Kuma in a cikin guruf ya turo, manyan gyare-gyaren ka bishi da su ta gefe.

Idan ya gyara ya sake turowa, ka maimaita mataki na 2 tun daga farko a waya, don sau tari ƙara girman rubutu yana tura maɓallin kama lokaci ƙasa da fuskar farko, ko ya karya layin farashi gida biyu a faɗin 320. Ka buɗe a sabon shafin sirri na burauza don kar ta nuna maka tsohon da ta ajiye, ka bi jerin da ka tura masa ɗaya bayan ɗaya kana sa alama akan wanda ya gyaru.